Akwatin da Mama Saratu Ta Saƙa wa Riga

Duk yaron da ya zo shagona neman koyon aiki, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wata nawa zai yi kafin ya iya? A ganinsa gyaran kwamfuta bai wuce a goge komai a zuba sabo ba, sai a koma kan benci ana danna waya. To, ku masu wannan tunani, ku matso. Na tsufa a kan teburin nan na Jimeta, ƙananan sukurori sun cinye mini ido, kuma har gobe akwai injin da zai sa in tsaya ina sosa ƙeya kamar yau na fara.

A wajen wani Oga Emeka na koya, can bayan kasuwa, zamanin da allon kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya, sai mutum biyu sun kama. Shekarar farko ko sukudireba bai bari na riƙe ba. Aikina shi ne hura cikin inji da bulowa da jera sukurori a murfin gwangwanin madara. In aka kawo aiki, sai ya damƙi wuyan hannuna ya ɗora a jikin injin ya ce, "Touch am, smell am." Wato in taɓa, in shinshina, sannan in kasa kunne. Mita da laftof da sauran kayan burga, a cewarsa, na mutumin da hannunsa da hancinsa suka gama magana ne. Na ji haushinsa sosai a lokacin, don kullum ina komawa gida ina warin ƙonanniyar roba.

Na kuma ga muguwar shekara. Layin wuta ya lalace, gari ya daɗe babu lantarki, shagunan intanet da nake yi wa aiki suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma kan wayarsa. Ni da ake kira Injiniya na koma gyaran tocila da fanka mai caji, ina ɗaure karyayyiyar farfela da wayar ƙarfe. A shekarar nan ce na gane cewa a Yola zafi ya fi kowace irin cutar kwamfuta kashe inji. Ku riƙe wannan, za ku ga inda zai dawo.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne a farkon bazara, ta hannun wata malamar makaranta mai suna Rifkatu. Gidansu na Vinikilang, ƙetaren gada. Mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Mahaifiyarta, Mama Saratu, ta rasu ba a cika shekara ba. Ita ce mai tsara waƙoƙin zumuntar mata a cocinsu, wasu da Hausa, wasu da yarensu, kuma duk gwajin waƙar da suka yi a falonta sai ta naɗa a kaset. Ɗan marigayiyar da ke aiki a Legas ya zo ya juye kaset-kaset ɗin gaba ɗaya cikin wani akwatin ajiya da ya haɗa musu a gida, daga baya zafi ya gama da kaset-kaset ɗin. Saboda haka duk muryar da ta rage wa Mama Saratu a duniya tana cikin akwatin nan. Matan zumunta kuma suna jiran waƙoƙin don addu'ar cika shekararta, saboda babu wadda ta haddace baitocin duka.

Bari in faɗa muku yadda akwatin yake, don kada ku ɓata a hanya. Tsohon gidan kwamfuta ne, a ciki akwai faifan ajiya huɗu, da wani kati da ke sarrafa su. Duk abin da aka zuba, katin zai yanka shi gunduwa-gunduwa ya rarraba wa faifan, ta yadda in ɗaya ya mutu, sauran za su haɗa kai su sake gina abin da ke cikinsa a kan sabo. Amma in na biyu ya mutu kafin a gama ginin, shi ke nan, komai ya tafi. Ba kuma za ka zare faifai ɗaya ka karanta shi a wani wuri ba, don rabin baiti za ka tarar.

Faifai ɗaya ya riga ya mutu, an sa sabo, amma ginin ya ƙi ƙarewa. Layin da ke nuna ci gaban aikin sai ya ja ciki kamar mai ciwon baya, can ya tsaya cak, katin ya suma, ya farfaɗo, ya koma farko. Ko waƙa ɗaya aka ce a kwafa, sai a dafa shinkafa a cinye ba ta fito ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarar da na ji ranar da na fara zuwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin faifan yana wani ƙas-ƙas a hankali. Faifai in ya fara wannan kuka, sallama yake yi.

Baba Yohanna ya tarbe ni da fara'a, dogon tsoho mai guga a riga ko a cikin gida. Akwatin na kan tebur a kusurwar falo, fes da shi, an goge. Na buɗe gefensa, na jona laftof ɗina, na sa shi aiki. Sai ga shi yana gudu lafiya lau. Na zauna aka kawo kunun gyaɗa, na sha, na ƙara, layin na ta tafiya.

"Baba, ai lafiyarsa ƙalau," na ce.

"Haka muka gani, Malam Buba. Hannunka na da albarka."

Na rufe, na tafi. Ban gama sauka daga Keke a bakin shagona ba Rifkatu ta kira, wai ya koma gidan jiya.

Daga nan na shiga sintiri a kan gada. Na canja wayoyin da suka haɗa katin da faifan, ko ɗaya ta tsage a ciki. Na zare katin na mayar da shi wani rami, ko ramin farko ne bai ba shi isasshiyar hanya. Na gwada tukunyar da ke ba injin wuta, na duba ko batirin katin ya mutu, na sabunta manhajar da ke cikinsa, abin da ba na so in yi a injin da ke ɗauke da amanar mutane. Kowane zuwa labarin ɗaya ne. Ina zaune yana gudu, ina fita yana kwanciya. Har na taɓa yi masa dabara, na yi sallama da ƙarfi, na fita na tsaya a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, ni da furfurata, ina laɓe wa akwati.

A nan ne Mama Naomi ta shigo maganar. Ita ce shugabar zumuntar, gajeruwar mata mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ta zo duba ko waƙoƙi sun fito, aka ba ta labari, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Abin nan yana tsoron ka ne, Injiniya," ta ce. "Kamar yaran aji. Malam yana nan, kowa yana karatu. Malam ya fita, sai wasa. Ka bar masa hula."

"Wace hula, Mama?"

"Na kanka mana. Zai ga kamar kana nan."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Baba ma, mutumin da ya koyar da lissafi tsawon rayuwarsa, sai cewa ya yi gwadawa ba laifi ba ne. Da yake ni ma dabarata ta ƙare, na cire hulata na ɗora a kan akwatin, na koma Jimeta da kai a buɗe cikin ranar Yola. A kan gada na haɗu da wani abokina, ya tambaya ko fashi aka yi mini. Hular ba ta yi aikin komai ba, amma Mama Naomi ta ce don tsohuwa ce, da sabuwa na bari da abin ya fi jin kunya.

Duk zuwan da na yi, sai na kira na ce ga ni nan tafe. Wannan ladabin ne ya ɓata mini lokaci. Wata rana na je suna a Girei, a kan hanyar dawowa na ce bari in biya in karɓi hulata, ban kira kowa ba. Na yi sallama na shiga, na dubi kusurwar falo, ban ga akwati ba. Abin da na gani wani tuli ne na saƙar ulu, ja da kore, da furanni, da geza a ƙasa, an ɗaure shi da igiya a baya kamar rigar jariri. A samansa kuma ga hulata a zaune. Sai a lokacin na lura da abin da idona ya yi ta tsallakewa: talabijin na da rigarsa, rediyo na da tasa, keken ɗinki, har abin canja tasha na cikin 'yar jakarsa ta saƙa.

Na cusa hannu ƙarƙashin ulun. Har da shafi aka yi wa rigar a ciki, na atamfa. Ƙarfen ya ƙona mini yatsu, warin nan na shagon Oga Emeka ya daki hancina.

Ga abin da ke faruwa. Irin wannan kati ba don gida aka yi shi ba. An yi shi ne don ɗakunan manyan kamfanoni masu sanyi, inda fankoki ke ruri kamar injin niƙa. Shi kansa ba shi da fanka, sai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji, yana jiran iska ta bi ta kansa. In ya yi zafi sai ya rage gudu don ya tsira da ransa, in zafin ya wuce kima sai ya suma. An ɗauko wannan bawan Allah an kawo shi Vinikilang a bazara, an sa masa rigar sanyi, ni kuma na ƙara masa hula.

"Baba, me ya sa ban taɓa ganin wannan ba?"

Ya ɗan sunkuyar da kai. "In ka ce za ka zo, nakan cire in ninke. Kada ka ji haushi, hannun masu gyara ba ya rabuwa da maiƙo."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce rigar nan ce ke shaƙe katin, a cire ta kawai har aiki ya ƙare. Ya saurara har na gama, kamar yadda hedimasta ke sauraron uzurin ɗalibi.

"Ba za a cire ba," ya ce. "Saratu ba ta taɓa barin wani abu tsirara a gidan nan ba. Wannan ce saƙarta ta ƙarshe. A kan gadon jinya ta yi ta, da tafin hannunta ta auna akwatin. Ta ce in kula, kada in bar shi a buɗe, don waƙoƙinta na ciki. In kana nan na ɗan lokaci, to. Amma ya wuni ya kwana a haka, ban yarda ba."

"To a huda mata ƙofa a gefe."

Kallon da ya yi mini ya sa na haɗiye sauran maganar. Rifkatu ta roƙe shi, ɗansa ya kira daga Legas ya yi ta bayani har katin wayarsa ya ƙare. Tsoho ya kafe. A kusurwa kuma faifan nan na ta ƙas-ƙas, yanzu ya fi da yawa. Gaskiya tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duka a lokaci guda. Na ce masa ƙarara, "Baba, ko rigar, ko muryar. Ba za ka samu duka biyu ba."

Mama Naomi ce ta raba gardamar. Aka aika aka kira ta, ta ji ta bakin kowa, ta zagaya teburin tana nazari.

"Saratu ya ce a rufe, ko ya ce a shaƙe?" ta tambayi Baba. "Amarya in an yi masa rumfa, ba a rufe yake ba?"

Ta sa aka samo karan dawa huɗu, aka ɗaure a ƙafafun teburin, aka kwance rigar aka shimfiɗa a sama ta zama rumfa, gezar na lilo. Baba ya duba ta gaba, ya duba ta gefe, ya ce a ɗan sauke ɓangaren hagu. Da aka sauke, ya ce a haka dai ba za a ce tsirara yake ba. Na karɓi hulata na mayar a kaina.

Za ku ce me ya sa ban ɗaura wa katin 'yar fanka a ciki ba, aiki ya ƙare. Don sai na kashe injin, kuma yanzu kukan faifan ya fi na da, wanda ya kai wannan hali in ka kashe shi ba lallai ya sake tashi ba. Ko teburin ban yarda a girgiza ba. Na cire murfin gefe a hankali, na jawo babbar fankar tsaye ta falon, tsohuwa mai ƙara, na saita ta a kan katin. Lambar da ke nuna zafinsa a laftof ta fara sauka, layin aiki ya miƙe. Na gaya wa kowa cewa komai zai faru, kada iska ta yanke.

Da rana ta take, aka ɗauke wuta. Batirin gidan na iya riƙe akwatin, amma ba zai ja fankar ba. Janareton maƙwabci kuma an kai shi gyara. Lamba ta fara hawa ina kallo. Mama Naomi ta leƙa allon, ta tambaya ko iska kawai abin ke so. Na ce iska kawai. Ta fita da wayarta.

Kafin wani lokaci falon ya cika da matan zumunta, kowace da maficinta na kaba. Suka ja kujeru suka jeru gaban akwatin, biyu na fifita, in hannunsu ya gaji biyu su karɓa. Ni ke kallon lamba ina ba da umarni kamar direban kwale-kwale: a ƙara, a sassauta, Mama ki yi ƙasa kaɗan, katin na ƙasa. Wata tsohuwa ta ce ko mijinta da ya yi zazzaɓi bai samu irin wannan gata ba. Wata ta tambaya ko a ɗiga masa ruwan sanyi, na ce in ta yi haka ni ma sai an yi mini addu'ar cika shekara. Suka yi ta raha suna gardamar baitin da suka manta, kowace na rantsuwa nata ne daidai. Haka aka yi ta yi, in wuta ta zo fanka ta karɓa, in ta tafi mata su karɓa, har washegari.

Washegari da la'asar akwai wuta, fanka na ruri, layin ya kusa kaiwa ƙarshe, saura ɗan kaɗan. Kukan faifan kuwa ya canja, yana yi yana ɗaukewa. Baba ya jawo kujerarsa kusa da ni.

"Malam Buba, faɗa mini gaskiya. Zai kai?"

"Ban sani ba, Baba."

"To a sa mini guda ɗaya in ji. In ma tafiya zai yi da ita, in ji ta tukuna."

A ka'idar aiki bai kamata ba, don ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa. Amma muryar matarsa ce, ba tawa ba. Na ce Rifkatu ta zaɓi guda. Ta danna wata tsohuwar waƙa, ta jona ƙaramar lasifika.

Aka fara jin shuuu na kaset, da jan kujeru, da tari, da dariyar mata. A falon nan aka naɗa, har da rurin wannan fankar a baya. Sai wata murya ta fito, siririya, mai kaifi, kamar tana tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Baban Rifkatu, kashe mana fankan nan, yana cinye murya."

Baba Yohanna ya miƙe. Bai dubi kowa ba, bai yi tunani ba. Ya taka zuwa bango ya kashe fankar, ya dawo ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Farfela ta yi ta raguwa har ta tsaya. Na buɗe baki, na dubi fuskar tsohon, na rufe. Lambar zafi ta fara hawa. Mama Saratu ta ja baitin farko, matan cikin kaset suka amsa, na cikin falo kuma babu wadda ta iya amsawa. Mama Naomi ta share ido da gefen ɗankwali, ta ɗauki maficinta ta matsa gaban akwatin, a hankali, don kada kabar ta yi ƙara. Sauran suka bi ta. Ni ma na miƙa hannu, wata ta ba ni nata.

Doguwar waƙa ce, don Mama Saratu ba ta yarda a wuce baiti sai an gyara shi, tana tsayar da su tana faɗa, su sake. Muka yi ta fifita, gumi na zuba, idona ɗaya a kan lamba, ɗaya a kan layi. Lambar ta hau, ta tsaya, ta yi ta rawa a wuri ɗaya. Kafin su kai amshin ƙarshe layin ya cika, jar fitilar da ke gaban akwatin ta koma koriya. Faifan mai kuka bai ƙara mako ba ya mutu, amma a lokacin ya riga ya sauke kayansa.

Da waƙar ta ƙare, kowa ya ajiye maficinsa. Hannuna na ciwo, rigata ta jiƙe sharkaf.

"Ya gama, Baba," na ce. "Komai ya tsira. Yanzu a kunna fankar, ko mu ma mu sha iska?"

Ya dubi rumfar ulun.

"A bari tukuna," ya ce. "Ban ji ta ce a kunna ba."